Harsasan Farauta Masu Tsada: Abin da Ƙarin Kuɗin Yake Saye

Duk wanda yake sayen harsasan bindigar farauta, irin bindigar nan da take watsa ƙwayoyi, ya san cewa kwali biyu suna iya zama kusa da juna a kan kanta ɗaya, geji ɗaya, wato ma'aunin faɗin bututu, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, amma ɗayan ya ninka ɗan'uwansa farashi sau biyu ko sau uku, wani lokaci ma fiye da sau goma. Abin da ake yawan faɗa wa mai saye shi ne, mai tsadar ya fi aminci, ba ya ƙin tashi, ba ya kunyata mutum a gaban nama. Na yi aiki da matakai uku na wannan harsashi: mai araha na dalma da ake saya katan-katan, mai tsada na dalma mai tauri, da kuma na ƙololuwa wanda ake cikawa da ƙwayoyin ƙarfen bismut ko na tangistin. Hukuncina shi ne, ƙarin kuɗin yana sayen abu na gaske, wato kyawun bazuwar ƙwayoyi da ƙarfin ratsawarsu a nesa, amma tashin wuta ba ya cikin abin da yake saye. Maharbin da bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta zuba kuɗi a kan matsalar da ba a cikin kwalin take ba.

Sassan harsashin biyar ne. Akwai kwanso, wanda a da takarda ce mai kaki da take kumbura idan ta sha danshi, har kamfanin Remington ya fito da na roba a 1960, kamfanin Winchester kuma ya fito da samfurinsa na AA a 1965, daga nan roba ta mamaye kasuwa. A gindin kwanson akwai ƙyastu, ɗan ƙaramin kofin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da yake kamawa idan allurar bindiga ta doke shi. Sai albarushi, sai matoshin roba da yake raba albarushi da ƙwayoyi yake kuma rungume su har su fita daga bututu, sai ƙwayoyin kansu. Gindin nan mai launin tagulla da yake ɗaukar ido, a mafi yawan harsasan yau baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan tagulla, kuma maganaɗisu zai tabbatar wa mai shakka nan take. Tsawon gindin ma, wanda mutane da yawa suke ɗauka alamar ƙarfi ce, gado ne daga zamanin takarda. Ƙarfin harsashi yana cikin albarushi da nauyin ƙwayoyi, kuma an rubuta su a jikin kwalin.

Maganar tashin wuta ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Kusan duk harsasan bindigar farauta na zamani suna amfani da ƙyastu mai girma ɗaya, wanda ake kira 209, kuma masana'antun da suke ƙera shi ba su da yawa. Kamfanin Cheddite na Faransa da Fiocchi na Italiya, wanda yake aiki a garin Lecco tun 1876, suna sayar wa wasu kamfanoni kwanso da ƙyastu a haɗe, su kuma su cika su da nasu albarushin da ƙwayoyin, su buga sunansu a jiki. Saboda haka abu ne mai yiwuwa ƙwarai harsashi mai araha da mai tsada su kasance da ƙyastu iri ɗaya daga injin ɗaya. A nawa aikin, sabon harsashi daga kamfani sananne, wanda aka ajiye shi a busasshen wuri, da wuya ya ƙi tashi, ko na wane farashi ne, kuma ban ga wani bambanci tsakanin matakan uku a wannan fanni ba.

Idan an ja kunama aka ji ƙas babu ƙara, amsar tana rubuce a gindin kwanson. Ƙyastun da allura ta yi wa rami mai zurfi a tsakiya, amma bai kama ba, shi ne mai laifi, kuma galibi danshi ne ya shige shi, ko man bindiga ya tsiyaya ya kashe sinadarin, ko kuma ya daɗe yana shan zafi da sanyi a cikin mota. Wanda kuwa aka ga alamar allurar a kansa 'yar ƙarama, kamar an ɗan taɓa shi kawai, yana nuna bindiga ce take buƙatar gyara: ko sifirin ya saki, ko tsohon mai da datti sun daskare a ramin allura, abin da yake ƙaruwa a lokacin sanyi, ko kuma bakin allurar ya cinye. Na ga maharban da suka sauya kamfanin harsashi, suka ƙara kuɗi, matsalar ta bi su, alhali ƙaramin gyara a wurin maƙerin bindiga ya isa ya kawar da ita. A kowane hali, harsashin da ya ƙi tashi ba a gaggawar buɗe masa bindiga, domin wani yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Ana riƙe bakin bindigar a inda babu kowa har aƙalla daƙiƙa 30 kafin a fitar da shi. Haka nan idan ƙarar harbin ta fito a raunane, kafaɗa ba ta ji komai ba, wajibi ne a duba cikin bututu kafin a sake ɗurawa, saboda matoshi yana iya tsayawa a ciki, kuma harbi na biyu a kan wannan toshiya yana iya kumbura bututun ko ya fasa shi.

Wurin da harsashi mai araha yake gazawa da gaske a fannin aminci shi ne shiga da fita. Gindin baƙin ƙarfe mara kauri yana buɗewa idan wuta ta tashi, kuma ba ya komawa yadda yake kamar yadda tagulla take yi, saboda haka a bindigar da mazaunin harsashinta yake da kaushi ko tsatsa, kwanson yakan maƙale, mai bindigar famfo ya yi ta kokawa da ita alhali tsuntsu na biyu yana wucewa. Bindiga mai sarrafa kanta da iskar harbi tana ƙin albarushi mai barin toka da yawa, domin tokar tana toshe ƙananan ramukan da iskar take bi. Mai aiki da ƙarfin shuri kuwa, irin tsarin da aka san kamfanin bindigogi na Benelli da shi, takan ƙi fitar da kwanso idan lodin ya yi sauƙi ainun. Na taɓa sayen wani katan mai araha wanda naɗin bakin harsasansa bai rufu da kyau ba, har idan na zazzage aljihu da yamma sai in tarar da ƙwayoyi a ƙasansa, wasu harsasan kuma bakinsu ya buɗe ya yi faɗi har suna cijewa a hanyar shiga. Irin wannan ba na ganinsa a masu tsada. Bakinsu a naɗe yake tsaf, kuma waɗanda aka yi don farautar ruwa sukan zo da wani ɗan danƙo da aka liƙe bakin da kewayen ƙyastun da shi don kada ruwa ya shiga. Wannan kariya tana da amfani ga wanda yake wuni a cikin fadama, amma mai bindiga mai baki biyu da yake farauta a busasshiyar ƙasa ba zai taɓa jin bambancinta ba.

Ainihin abin da ake biya wa kuɗi yana bayyana ne idan aka yanka harsashin aka zube cikinsa a kan farar takarda, aikin da ake yi da hankali, a yanka robar ta wajen ƙwayoyi, nesa da ƙyastu da wuta. Ƙwayoyin mai araha launinsu ya dushe, girmansu bai daidaita ba, a cikinsu akwai masu siffar ƙwai da waɗanda suka manne biyu-biyu, kuma idan aka matsa ɗaya da filaya sai ta baje ba tare da wani ƙarfi ba. Na mai tsada kuwa kowace a mulmule take, girma ɗaya, tana ƙyalli da ruwan jan ƙarfe ko nikel, tana kuma yi wa filayar gardama. Sirrin taurin shi ne wani ƙarfe mai suna antimoni da ake gauraya dalmar da shi: kusan kashi 2 cikin ɗari a masu araha, zuwa kashi 5 ko 6 a masu kyau, kuma antimoni ya fi dalma tsada nesa ba kusa ba. A wasu masu tsadar za a ga wani farin gari na roba a tsakanin ƙwayoyin, wanda aikinsa shi ne cike gurabun da ke tsakaninsu don kada su murƙushe juna. Matoshin ma ya bambanta: na mai tsada yana da kauri, yana da sashe mai lotsawa a tsakiya da yake sassauta dukan farko.

Dalilin duk wannan wahala shi ne abin da yake faruwa a ɗan ƙanƙanin lokacin da albarushi ya kama. Lodin yana tashi daga tsaye zuwa gudun kusan mita 400 a daƙiƙa a cikin tsawon bututu kawai, kuma ƙwayoyin da ke ƙasa su ne suke ɗaukar nauyin na sama gaba ɗaya. Dalma mai laushi tana lotsewa a nan, tana ƙara gogewa a jikin bututu da kuma wurin da bakin bindiga ya matse. Ƙwayar da ta lotse ba ta tafiya miƙe, iska tana karkatar da ita gefe, tana kuma rage mata gudu da wuri, saboda haka ko ta sami dabbar, raunata ta take yi. Ana auna wannan da hanyar da kowa zai iya bi: a kafa babbar takarda a nisan yadi 40, wato kusan mita 36, a harba, a zana da'ira mai faɗin inci 30, kusan santimita 76, a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, sannan a ƙirga ramukan. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne, baki mai cikakkiyar matsewa ya zuba kusan kashi 70 cikin ɗari a cikin da'irar, mai rabin matsewa kusan kashi 60, mara matsewa kusan kashi 40. Da harsashi mai laushi, bindigata mai cikakkiyar matsewa ba ta kai ma'auninta, kuma a takardar akwai filaye da kurciya za ta bi ta wuce lafiya. Da mai tauri, bindigar nan dai ta cika ma'aunin, ramukan kuma sun rarrabu daidai wa daida. Wannan bambanci ne da ido yake gani, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi da harsashi mai tsada yake da ita.

Sai dai hujjar tana da iyaka, kuma masu talla ba sa faɗin iyakar. A nisan mita 20 zuwa 25, inda ake harbin zomo da makwarwa da yawancin tsuntsayen da suke tashi daga ƙarƙashin ƙafa, ƙwayoyin ba su kai ga warwatsewa ba, ƙarfinsu kuma yana nan. A wannan nisa, bazuwa mai faɗi ma taimako ce, domin lodin da ya dunƙule sosai ko dai ya kuskure gaba ɗaya ko ya ragargaza naman har ya ƙi ciyuwa. An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, amma a wannan tazara harsashin dalma na talaka yana yin aikin da ake buƙata. Ƙarin kuɗin yana fara biyan kansa ne daga wajen mita 30 zuwa sama, a kan tsuntsu mai kaurin gashi ko mai tashi can sama.

Batun ya sauya fuska tun da dokoki suka fara korar dalma daga wuraren ruwa. Binciken da masanin tsuntsayen ruwa Frank Bellrose ya wallafa a 1959 ya nuna yadda agwagin daji suke haɗiye ƙwayoyin dalma da suka nutse a laka, suna ɗaukar su tsakuwa, gubar kuma ta kashe su a hankali. Amurka ta haramta dalma a farautar tsuntsayen ruwa a faɗin ƙasar a 1991, Denmak ta haramta ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996, kuma a Tarayyar Turai, tun daga 15 ga Fabrairun 2023, an hana harba su a cikin fadamu da kuma tazarar mita 100 daga gare su. Ina goyon bayan wannan hani, domin dabbar da guba ta kashe a ɓoye asara ce ga maharbi da ga daji baki ɗaya. Amma shi ne ya buɗe kasuwar harsasai masu tsadar gaske, saboda abin da ya maye gurbin dalma da araha, wato baƙin ƙarfe, bai kai ta nauyi ba. Dalma tana da nauyin kusan giram 11 a kowane santimita kiyubik, baƙin ƙarfe 7.8, bismut kusan 9.6, mafi nauyin gaurayen tangistin kuwa 18. Ƙwaya mara nauyi tana saurin rasa gudu, shi ya sa ake ba mai amfani da baƙin ƙarfe shawarar ya ƙara girman ƙwaya da lamba biyu, kuma tun da ƙaramar lamba ce ta fi girma, wanda yake harba dalma mai lamba 4 ya koma baƙin ƙarfe mai lamba 2.

Baƙin ƙarfe mai kyau ya ba ni gamsuwa fiye da yadda ake ɓata masa suna. Ba ya lotsewa, saboda haka bazuwarsa a dunƙule take, kuma a kan agwagwar da ta shigo cikin mita 35 yana kashewa sarai. Aibinsa biyu ne: yana tsatsa ya manne idan ruwa ya shiga kwanson, a nan ne liƙin bakin da na ambata yake da muhimmanci, sannan yana da tauri ga tsofaffin bindigogi masu siririn bututu da matsattsen baki. Hukumar CIP, wadda take tsara gwajin bindigogi a ƙasashen Turai da dama, ta raba harsashin baƙin ƙarfe gida biyu, na yau da kullum da mai ƙarfi, kuma mai ƙarfin sai bindigar da aka gwada aka buga mata tambarin furen lili. Bismut yana da laushi kusan kamar dalma, shi ne mafita ga mai tsohuwar bindiga da ba ya son rabuwa da ita, amma yana da gautsi, wasu ƙwayoyinsa sukan farfashe a lokacin harbi, kuma kuɗinsa ya ninka na baƙin ƙarfe. Ga wanda bindigarsa ta zamani ce, ban ga dalilin da zai sa ya bar baƙin ƙarfe mai inganci ya koma bismut a farautar yau da kullum ba.

Tangistin shi ne ƙololuwa, kuma aikinsa abin mamaki ne. Tun da kamfanin Federal ya fito da harsashinsa na tangistin mai suna Heavyweight TSS a 2018, wannan ƙwaya ta bar hannun masu cika harsashi a gida ta shiga kantuna. Saboda nauyinta, ƙwaya mai lamba 9, wadda faɗinta milimita 2 ne kawai, tana ratsawa kusan kamar dalma mai lamba 5. A cikin giram 28 ana samun kusan ƙwaya 360 ta wannan tangistin, alhali dalma mai lamba 5 kusan 170 ce. Ma'ana, ramuka fiye da ninki biyu a kan takarda, kowanne da ƙarfinsa. Wannan ne ya sa ƙananan bindigogi, geji 20 har da .410, suka zama abin farautar talotalon daji a Amurka, aikin da a da ake ganin sai geji 12 mai nauyin lodi. Tsadarsa kuwa ba ƙirƙirar 'yan kasuwa ba ce kawai. Tangistin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400 a ma'aunin Salsiyas, don haka ba a zuba shi kamar dalma, sai dai a matse garinsa da wasu ƙarafa a gasa, sannan a goge ƙwayoyin. Kusan kashi 80 cikin ɗari na tangistin da ake haƙowa a duniya daga Sin yake fitowa, kuma a Fabrairun 2025 ƙasar ta sanya takunkumin neman izini a kan fitar da shi da bismut, bayan ta yi wa antimoni irin haka a 2024. Shi ya sa ake yawan sayar da harsashin tangistin guda biyar a kwali, maimakon 25 da aka saba.

Damuwata da wannan harsashi ba ta shafi ingancinsa ba, ta shafi abin da tsadarsa take yi wa mai harba shi. Mutumin da kowane jan kunama yake ci masa kuɗin harsasai goma na talaka ba zai yarda ya ƙona guda uku ko huɗu a kan takarda ba, alhali tangistin ne ya fi kowane harsashi buƙatar gwaji, domin bazuwarsa tana dunƙulewa ƙwarai, kuma idan saitin bindigar ya karkata da ɗan kaɗan, a kusa zai kuskure gaba ɗaya. Ba zai kuma yi atisaye da shi ba. Sai ya shiga daji da harsashin da bai san halinsa ba, yana dogara da abin da aka rubuta a kwali, kuma rubutun yana kwaɗaita masa harbi a nisan da idonsa ba zai iya aunawa daidai ba. Tsuntsun da aka harba a mita 60 ya tafi da ƙwaya biyu a cikinsa ya mutu a wani wuri, wannan zalunci ne da kuɗi ba ya wankewa. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ya kamata mai saye ya sani: tangistin ya fi ƙarfen bututu tauri, saboda haka kaurin matoshinsa ne kaɗai yake kare bindigar, dole kuma a tabbatar abin matse bakin an yi shi don irin wannan ƙwaya, sannan 'yar ƙwayar da ta ɓuya a cikin nama tana iya fasa haƙori.

Wani abin da ake sayarwa da tsada wanda ban yarda da shi ba shi ne yawan gudu da yawan lodi. Ƙwaya mulmulalliya, gwargwadon saurin da ta fita da shi, gwargwadon yadda iska take tare ta, don haka ratar gudun da aka buga da manyan haruffa a kwali tana raguwa ƙwarai kafin ƙwayar ta kai mita 35, amma shurin da kafaɗa take sha ba ya raguwa. Harsashin geji 12 mai tsawon milimita 89, wanda Federal da kamfanin bindigogi na Mossberg suka fito da shi a 1988, yana da gurbinsa a farautar dinya da manyan ƙwayoyin baƙin ƙarfe, amma maharbin da ya fara runtse ido kafin ƙarar ta tashi ya riga ya yi asarar duk abin da ƙarin lodin zai ba shi. Lodin giram 30 zuwa 32 a kwanson milimita 70 ya wadatar da mafi yawan farautar tsuntsaye da ƙananan dabbobi.

Tsawon kwanso kuma magana ce ta tsira da rai. Tsawon da aka rubuta na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi, saboda haka harsashin milimita 76 zai shiga mazaunin milimita 70 ya rufu lafiya lau, amma idan ya tashi bakinsa ba shi da wurin buɗewa, matsi ya hau. A ma'aunin CIP, iyakar matsin harsashin geji 12 na yau da kullum 740 ce a ma'aunin matsi na bar, ta masu ƙarfi kuwa 1,050, kuma harsasai masu tsada da yawa suna cikin rukuni na biyu, abin da mai tsohuwar bindiga ya kamata ya karanta a kwali kafin ya biya. Haka nan harsashin geji 20 da ya ɓata ya shiga aljihun mai geji 12 yana zurmawa cikin bututu ya tsaya, ya bar wurin da wani zai zauna a bayansa, wannan ne ya sa yawancin kamfanoni suke yin geji 20 da launin rawaya. Lambar ƙwaya ma ba ɗaya take a ko'ina ba: lamba 6 ta Ingila milimita 2.6 ce, ta Amurka kusan 2.8, don haka milimitar da aka rubuta ta fi lambar abin dogaro.

Farashi yana kuma hawa saboda dalilan da ba su da alaƙa da abin da ke cikin kwanson. A 2020 da 2021 an yi ƙarancin harsashi mai tsanani, lokacin da buƙata ta yi tashin gwauron zabo a Amurka, Remington kuma ya durƙushe a 2020 har aka sayar da masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas. A irin wannan lokaci harsashi na talaka yakan hau farashin mai tsada ba tare da ya ƙaru da komai ba, kuma a nan ne tsofaffin kaya da kwansunan da aka sake cikawa ba bisa ƙa'ida ba suke samun hanyar shiga kasuwa. Kwalin da ya yi laushi ko ya yi tabon ruwa, gindin da ya fara tsatsa, ƙyastun da ya nutse ko ya ɗago fiye da sauran, da bakin da naɗinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa, duk alamu ne da suka isa a bar kayan, ko sunan wane kamfani ne a jiki. Harsashin da aka adana a akwatin ƙarfe mai rufewa ruf, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da mai, yana yin shekaru masu yawa yana tashi, kuma wannan akwatin ya fi kowane ƙarin farashi tasiri a kan aminci.

Ga wanda yawancin harbinsa na kusa ne da bindiga mai baki ɗaya ko biyu, a inda doka ta yarda da dalma, harsashi mai matsakaicin farashi daga kamfani sananne ya ishe shi, kuma rarar kuɗin ta fi amfani idan ta tafi a atisaye. Na can ƙasan farashi, mai laushin dalma da sakakken baki, ba na ba da shawararsa ga mai bindiga mai sarrafa kanta. Dalma mai tauri mai ruwan jan ƙarfe ko nikel ta cancanci kuɗinta ga mai harbin nesa, kuma ita ce nake ganin ta fi kowane mataki bayar da riba a kan abin da aka ƙara. Tangistin kuwa na farautar da harbi ɗaya ne rak a wuni, ko ma a kakar gaba ɗaya, inda kuɗin harsashin ba komai ba ne idan aka gwada shi da kuɗin tafiya da lasisi, kuma da sharaɗin an sayi kwali biyu, ɗaya na takarda, ɗaya na daji. Idan an sami lodin da ya dace da bindigar, a duba lambar rukunin da aka buga a cikin marfin kwalin ko a gefensa, a sayi abin da zai isa kakar daga wannan rukuni, domin kamfanoni sukan sauya albarushi ko matoshi ba tare da sun sauya zanen kwalin ba, kuma sabon rukuni yana buƙatar sabuwar takarda.